Shari'ar Musa tana kan Kirista har yau, ko ta Yahudawa ce kaɗai?

Saratu_Aboabo:
Barkanmu da warhaka, iyayena da yayyena. Akwai abin da ya daɗe yana damuna. A kasuwar Kejetia, nan Kumasi, akwai masu wa'azi da lasifika da ke cewa duk Kiristan da ke cin naman alade ko yake buɗe shago ranar Asabar ya karya dokar Allah, domin babu wanda ya soke ta. A cocinmu kuma ana koya mana cewa ba ma ƙarƙashin Shari'ar Musa, muna ƙarƙashin alheri ne. To amma duk ƙarshen wata sai a karanta mana Malakai 3, a ce wanda bai kawo zakka ba, wato ɗaya cikin goma na abin da ya samu, fashi yake yi wa Allah. An kuma taɓa mayar da wata yarinya gida don ta sa wando, aka kafa hujja da Maimaitawar Shari'a 22:5. Waɗannan ba Tsohon Alkawari ba ne? In dokar ta wuce, me ya sa su ba su wuce ba? In kuma ba ta wuce ba, me ya sa muke cin tarwaɗa da kaguwa? Da wane ma'auni ake zaɓa? Ba gardama nake nema ba, so nake in sani.

Ɗan_Bawku:
Ba ta kanmu, ƙanwata. Romawa 6:14. Magana ta ƙare.

Rifkatu_Nima:
Ɗan_Bawku, ba ta ƙare ba. In da aya ɗaya ta isa, da Saratu ba ta yi tambayar ba. Ayar da ka kawo ita ce dai ake karanta musu, sannan a juya a buɗe Malakai.

Dattijo_Iliya:
'Yata Saratu, Allah ya yi miki albarka. Tambayar nan ba sabuwa ba ce, ita ce babbar rigima ta farko da ta tashi a ikkilisiya. Ki buɗe Ayyukan Manzanni 15. Waɗansu sun zo Antakiya daga Yahudiya suna koya wa masu bi cewa in ba a yi musu kaciya bisa al'adar Musa ba, ba za su sami ceto ba. Bulus da Barnaba suka ƙi. Aka kai maganar Urushalima gaban manzanni da dattawa, wajen shekara ta 49 ko 50. Bitrus ya tashi ya ce don me za a ɗora wa almajirai karkiyar da su kansu Yahudawa da kakanninsu suka kasa ɗauka. Yakubu ɗan'uwan Yesu ya yanke, aka rubuta wasiƙa. Abu huɗu kawai aka ɗora wa al'ummai: su guji abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da naman abin da aka maƙure, da fasikanci. Babu kaciya a ciki, babu Asabar, babu alade, babu zakka. Ni da ke ba Yahudawa ba ne. Mu ne al'umman da aka rubuta wa wasiƙar nan.

Ishaya_Kwadaso:
Baba Iliya, da girmamawa, a nan za mu rabu. Wasiƙar nan ba ta ce kada a yi kisa ba, ba ta ce kada a yi sata ba. Ke nan an halatta su? Ai ba jerin duk abin da ke kan Kirista ba ce. Kaciya ce ta kawo zaman, ita aka yanke.

Ni ɗan cocin Asabar ne, kuma ba ma cewa a koma yanka raguna don gafarar zunubi. Wannan ya cika a kan gicciye. Amma Dokoki Goma daban suke. Allah da yatsansa ya rubuta su a kan dutse, Fitowa 31:18, aka sa su cikin akwatin alkawari. Littafin da Musa ya rubuta kuwa a gefen akwatin aka ajiye shi, Maimaitawar Shari'a 31:26. Asabar tun Farawa 2 take, lokacin babu Bayahude ko ɗaya a duniya. Rarrabe dabba mai tsarki da marar tsarki ma tun Nuhu, Farawa 7:2. Yesu da bakinsa ya ce bai zo rushe Attaura ba, Matiyu 5:17, kuma al'adarsa ce shiga majami'a ranar Asabar. Ta yaya mutum zai riƙe tara ya yar da ta huɗu, wato ta Asabar? Sarkin Roma Konstantin ne ya kafa dokar hutun Lahadi a 321. Ko Asantawan da muke zaune a ƙasarsu, Kwame suke kiran Allah, sunan wanda aka haifa ran Asabar. Lahadi da Turawa ta zo musu.

Haruna_Legon:
Yaya Ishaya, gaskiya ne Konstantin ya yi dokar a 321, amma hutu daga aiki ya kafa, ba shi ya fara taron Lahadi ba. Jastin, wanda aka kashe a Roma saboda bangaskiyarsa, ya rubuta wajen shekara ta 150 cewa Kiristoci na taruwa ranar Lahadi, a karanta rubutun manzanni da na annabawa, a yi addu'a, a ci jibin Ubangiji. Tsakaninsa da Konstantin shekaru kusan 170 ne. Kafin shi ma akwai Ayyukan Manzanni 20:7 da 1 Korintiyawa 16:2.

Batun Nuhu kuma, ka ƙarasa karatun zuwa Farawa 9:3. Bayan ruwan tsufana Allah ya ba shi duk abin da ke motsi ya zama abinci, jini kaɗai ya hana. Asabar kuwa, Fitowa 31:17 ta kira ta alama tsakanin Allah da 'ya'yan Isra'ila. Kuma in za a riƙe ta yadda aka bayar, Fitowa 35:2-3 ta hana hura wuta a gida, ta kuma yanke kisa ga wanda ya yi aiki. A Littafin Ƙidaya 15 an jajjefe mutum don ya tara itace. Wa ya cire wannan sashen ya bar wancan? Ka ga kai ma zaɓa kake yi. Tambayar Saratu ta hau kanka kamar yadda ta hau kan fastonta.

Ishaya_Kwadaso:
Hukuncin kisa na mulkin ƙasar Isra'ila ne, ya tafi da mulkin. Zina ma kisa ne hukuncinta a can, yau ba ku jifa, amma ba ku ce zina ta halatta ba. Haka Asabar.

Haruna_Legon:
Wannan amsa ce mai ƙarfi, kuma ita ta kai mu ga ma'aunin da Saratu ke nema. Malaman ikkilisiya da yawa sun kasa Shari'a kashi uku: ta halin kirki, ta ibadar Haikali, da ta mulkin ƙasa. Toma Akwinas ya tsara shi a ƙarni na 13, Anglikan suna da shi a sharaɗi na 7 cikin sharuɗɗansu 39, Presbiteriya suna da shi a shaidar bangaskiyarsu ta Westminster ta 1646. Suka ce ta farko tana nan, biyun sun wuce. Rabon yana da amfani. Sai dai Musa bai rubuta wa kowace doka lakabi ba. A Littafin Firistoci 19, aya ta 18 ta ce ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka, aya ta 19 ta hana sa tufafin da aka saƙa da zare iri biyu. Suna manne da juna. Shi ya sa Ishaya zai sa Asabar a kashi na farko, wani ya sa ta a na biyu, kowa da dalilinsa. Yahudawa kansu ba su kasa ta haka ba. Malamansu sun ƙirga umarni 613, 248 na a yi, 365 na kada a yi, kuma ba su taɓa cewa duka suna kan wanda ba Bayahude ba. Shi dokoki bakwai na 'ya'yan Nuhu suka ce ke kansa.

Yohanna_Magazine:
Ni fita ne, wato makanike, ban yi karatun tauhidi ba. Amma batun zakkar nan yana min ciwo, bari in faɗa. Akwai yaro a garejinmu da ya ci bashi don ya cika zakka, saboda an gaya musu a wurin da yake sujada cewa rashin biya ne ya jawo rashin lafiyar ɗansa. Kuɗin magani ya kai can. Wanda ya faɗa masa haka yana cin domedo, gasasshen naman alade, ba ya ko waiwaye. In ka tambaye shi alade, sai ya ce alheri. In aka zo kan aljihunka, sai ya ce la'ana. Wannan ba daidai ba ne, kuma tsoron Allah ya kamata ya hana mutum yin sa.

Dattijo_Iliya:
Yohanna ɗana, ka taɓo inda yake min zafi ni ma. Mu duba abin da zakkar take a wurin Musa. Littafin Firistoci 27:30-32: amfanin gona ne da dabbobi. Littafin Ƙidaya 18:21: ta Lawiyawa ce, ƙabilar masu hidimar Haikali, domin ba a ba su gādon ƙasa ba. Maimaitawar Shari'a 14 daga aya ta 22: akwai wadda mai ita da iyalinsa ne ke ci a gaban Ubangiji, kuma a kowace shekara ta uku a tara ta cikin gari don Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa. Wane coci ne a Kumasi yake karanta wannan a ƙarshen wata? Malakai da firistoci da jama'ar Yahuza yake magana, a kan ɗakin ajiyar Haikali. Haikalin nan Romawa sun rushe shi a shekara ta 70.

Ban ce kada a bayar ba. Coci na biyan wuta da ruwa, mai bishara yana da iyali, kuma Bulus ya ce masu shelar bishara su ci daga bishara, 1 Korintiyawa 9:14. Ni ina ba da ɗaya cikin goma, ina kuma ƙarfafa 'ya'yana su yi, domin yana horar da zuciya. Amma 2 Korintiyawa 9:7 ta ce kowa ya bayar yadda ya ƙudura a ransa, ba da tilas ba. Wanda ya ɗora wa talaka la'anar Malakai, ya manta Galatiyawa 3:13, inda aka ce Almasihu ya fanshe mu daga la'anar Shari'a.

Fasto_Tafo:
Baba, ina neman izinin ƙara abu ɗaya. Ibrahim ya ba firist Malkisadik ɗaya cikin goma a Farawa 14, tun kafin a haifi Musa. Jikansa Yakubu ma ya yi wa'adinta a Betel. A Matiyu 23:23 kuma Yesu bai ce Farisiyawa su daina ba, cewa ya yi su yi wannan ba tare da barin adalci da jinƙai da aminci ba. Don haka ban yarda a ce ta Lawiyawa ce kawai ba. Amma tsoratar da mutum har ya ci bashi, wannan ina ƙyamarsa kamar yadda kuke yi.

Rifkatu_Nima:
Fasto, kaciya ma tun Ibrahim take, Farawa 17, kafin Musa. Duk da haka Bulus ya ce wanda ya yi ta don neman ceto, Almasihu bai amfane shi da komai ba, Galatiyawa 5:2. Ashe kasancewar abu kafin Musa bai isa hujja ba.

MalamSani_Alabar:
Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, maƙwabcinku, ina bin zancen tun farko. Ba zan shiga hukuncin addininku ba, amma sau da yawa ina jin ana cewa ai abincin Musulmi shi ne na Attaura. Ba haka ba ne gaba ɗaya. Mun haɗu a alade da jini da mushe. Amma raƙumi haram ne a Attaura, mu kuwa muna ci. Zomo ma haka. Kifi marar ɓawo irin tarwaɗa su ba sa ci, mu muna ci. A Alƙur'ani, Suratul An'am aya ta 146 ta nuna akwai abubuwan da aka haramta wa Yahudawa su kaɗai, kuma a Ali Imrana aya ta 50 Annabi Isa, alaihis salam, ya ce ya zo ya halatta musu sashen abin da aka haramta musu. Wato a wurinmu ma ba a ɗauka cewa duk abin da aka ɗora wa Banu Isra'ila yana kan kowa ba. Alade dai a wurinmu ba ya cikin abin da aka sassauta.

Ɗan_Bawku:
Malam ya yi gaskiya kan raƙumi da zomo, suna Littafin Firistoci 11. Fara kuma halal ce a wannan surar, aya ta 22. Dodon koɗin da ake sa wa miyar fufu a nan kuwa bai tsallake ba.

Mama_Talatu:
'Ya'yana, ni ban iya jera ayoyi kamar ku ba. A gidan haya nake a Asawase, ɗaki goma sha, mu biyu ne Kiristoci. Murhunmu a tsakar gida ɗaya yake, yaranmu kwano ɗaya suke sa hannu. Alade bai taɓa shiga tukunyata ba, kuma ba zai shiga ba. Ba don Musa ba. Ran da na dafa shi, ran nan Hajiya za ta daina karɓar tuwona, yaranta su daina shigowa ɗakina. Da Kirsimeti mijinta muke kira ya yanka mana akuya don kowa ya ci, da Layya su ma su aiko mana. Na ji an karanta a coci inda Bulus ya ce in nama zai sa ɗan'uwansa tuntuɓe, ya bar cin nama har abada. Ni a nan na tsaya. Wanda ke zaune a unguwannin Asantawa irin Bantama ko Ash Town ya ci abinsa, ban ce ya yi zunubi ba.

MalamSani_Alabar:
Allah ya saka da alheri, Mama. Haka muka taso muka gani a zango.

Haruna_Legon:
Ayar da Mama ta tuna 1 Korintiyawa 8:13 ce, kuma Romawa 14 duka a kan wannan take: mai ci kada ya raina marar ci, marar ci kada ya hukunta mai ci, wani yana ɗaukaka wata rana, wani duk ranaku ɗaya ne a gunsa. Ku lura da Bulus kansa. Ya ƙi a yi wa Titus kaciya a Urushalima, Galatiyawa 2:3, domin ana so a mai da ita sharaɗin ceto. Amma shi ya yi wa Timoti, Ayyukan Manzanni 16:3, saboda Yahudawan yankin da za su yi wa wa'azi. Aiki ɗaya, dalili biyu. A Habasha har yau Kiristocin Orthodox ba sa cin alade, suna girmama Asabar tare da Lahadi, kuma cocinsu tun ƙarni na 4 yake. Ba wanda zai ce ba Kiristoci ba ne. Inda Bulus yake tada jijiyar wuya shi ne in an ce sai da wannan za ka tsira.

Gefe ɗaya kuma akwai haɗarin da Ɗan_Bawku ya kamata ya kiyaye. Wani malami mai suna Markiyon ya ce a yar da Tsohon Alkawari gaba ɗaya, ikkilisiyar Roma ta kore shi a shekara ta 144. Littafin nan shi ne Yesu ya karanta, da shi ya amsa wa Shaiɗan a jeji.

Ladi_Sawaba:
Tunda an zo nan, bari in kawo na mata. Akwai cocin da yayata ke zuwa, in mace tana al'ada ba ta shiga, a waje take zama. In ta haihu, namiji kwana 40, mace kwana 80, kafin ta taka ƙofa. Suna karanta Littafin Firistoci 12 da 15. Yayata ta haifi mace, jaririyar ba lafiya, lokacin da ta fi bukatar addu'ar jama'a shi ne lokacin da aka ce ta tsaya a gida. Ta yi kuka sosai. Matar nan mai zubar jini shekara 12 a Markus 5 ta taɓa rigar Yesu a tsakiyar taro, bai kore ta ba, 'yata ya kira ta. Don me za a mayar da mu baya?

Ishaya_Kwadaso:
'Yar'uwa Ladi, mu ma ba ma yin wannan. Dokar tsarkin shiga Haikali ce, kuma ƙarshenta hadayar ɗan rago da tattabara ce. Ku tambaye su ko suna miƙa hadayar. Allah ya ba jaririyar lafiya.

Saratu_Aboabo:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Abin da na fahimta daga Baba Iliya shi ne ba a ɗora mana Shari'ar a matsayin alkawari ba, sai abin da Yesu da manzanni suka sake umarta. Amma in haka ne, batun wando fa? Fasto_Tafo bai taɓa shi ba. Kuma Yaya Ishaya bai ce komai kan Kolosiyawa 2:16 ba, inda aka ce kada kowa ya hukunta mu kan ci da sha da idi da Asabar.

Fasto_Tafo:
'Yata, ayar tana hana namiji ya mai da kansa mace, mace ta mai da kanta namiji. A zamanin Musa maza ma riguna masu tsawo suke sawa. A wannan surar ta 22 akwai umarnin a yi wa rufin gida katanga, aya ta 8, da a sa tuntaye a kusurwa huɗu na mayafi, aya ta 12. Wanda ya kori yarinyar nan bai yi ko ɗaya ba. Abin da nake koyarwa shi ne kunya da kamun kai, 1 Timoti 2:9. Da a cocina ne, da na bar ta ta zauna.

Ishaya_Kwadaso:
Saratu, Kolosiyawa tana magana ne kan ranakun hutu na bukukuwan shekara, irin na Littafin Firistoci 23, waɗanda Kolosiyawa 2:17 ta kira inuwar abin da ke zuwa. Asabar ta mako ba inuwa ba ce, tunawa da halitta ce.

Haruna_Legon:
Jerin da ke ayar idi ne, da tsayuwar wata, da Asabar: na shekara, na wata, na mako. Haka yake a 2 Tarihi 31:3 da Ezekiyel 45:17. In ta ƙarshen ma ta shekara ce, an maimaita ta farkon ke nan.

Yohanna_Magazine:
Ku dakata, akwai abin da aka tsallake. Baba Iliya ya ce abu huɗu aka ɗora mana, har da jini da abin da aka maƙure. Wannan ai Sabon Alkawari ne, ba Musa ba. To akrantie, naman dajin nan mai kama da babban ɓera, da ake sayarwa a bakin hanyar Accra, da yawa tarkon waya ne ke shaƙe su, ba yanka ba. Muna saya muna ci. Ke nan wanda aka rubuta mana kai tsaye shi muka bari?

Haruna_Legon:
Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau take Aljeriya, ya rubuta wajen shekara ta 400 cewa a zamaninsa kusan ba mai kiyaye wannan, domin a ganinsa an kafa shi ne don Yahudawa da al'ummai su iya cin abinci tare lokacin da ikkilisiya ke haɗe da su biyun. Cocin Gabas kuwa ya ci gaba da hana cin jini.

Dattijo_Iliya:
Haruna ɗana, a nan ba na bin Agustin. An hana Nuhu jini, an hana Isra'ila, manzanni kuma suka sake hanawa, suka ce Ruhu Mai Tsarki ne ya ga ya kyautu. Ban ga inda aka janye ba. A gidana ba a cin abin da ba a yanka ba, kuma akrantie in ban san yadda ya mutu ba, ba na saya. Rifkatu, ke da kike aikin asibiti, ki gaya musu wannan bai shafi ƙarin jini ga marar lafiya ba, kada wani ya karanta maganata ya hana a ceci ɗansa.

Rifkatu_Nima:
To Baba. Ƙarin jini ba ci ba ne. Ta jijiya ake sa shi, ya ci gaba da aikinsa na jini a jiki, ba ya bi ta ciki a narkar da shi. Shaidun Jehobah ne ke ƙin sa, kuma Yahudawan da suka fi kowa tsananta dokar jini suna karɓa, suna kuma bayarwa. Mace mai zubar jini bayan haihuwa ko yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini, awa ɗaya na iya raba shi da rai. Don Allah in likita ya ce a ƙara, ku sa hannu, kada ku tsaya neman lambar fasto.